Yadda Ake Tayar da Injin Huda Ƙarfe Mai Layi Uku da Wutar Layi Ɗaya

Jama'a, an shirya wannan jawabi ne domin maƙera da masu walda da masu gyaran injuna, musamman waɗanda ke sana'arsu a ƙananan garuruwa. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachiya ya yada zango a Kasuwan Magani, cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru, ko kuwa ya zarce har Kafanchan, zai ga rumfunansu a bakin titi, ana ƙera ƙofofi da tagogi, ana gyaran injin niƙa da garmar shanu. Aikin nan kuwa ba ya tafiya sai da huda ƙarfe. Akan sami mai sana'a ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya je kasuwar Panteka ta Kaduna ko wurin masu kayan gwanjo ya sayo tsohon injin huji na tsaye, irin na masana'anta, sa'an nan in ya kai shi rumfa ya tarar ba ya tashi. Dalili kuwa shi ne motonsa, watau abin da ke juya shi, na wuta mai layi uku ne, shi kuwa layi ɗaya aka ja masa. Jarinsa ke nan ya kwanta a lungu, ƙura na rufe shi.

Wutar da ake rabawa a Nijeriya, tun zamanin NEPA wadda aka kafa a 1972 har zuwa kamfanonin da suka karɓi aikin rabawa a 2013, iri biyu ce. Gidaje da rumfuna kan sami layi ɗaya mai ƙarfin bolt 230, masana'antu kuwa layi uku mai wajen bolt 400. Ko wacce ce, wutar tana kaiwa da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50 Hz. A layi uku, kowane layi yana bin bayan ɗan'uwansa da sulusin zagaye, wannan bin juna shi ke haifar da maganaɗisu mai juyawa a cikin moto, ya ja sandarsa ta bi shi. Injiniya Dolivo-Dobrovolsky ne ya ƙera irin wannan moto a Jamus a 1889, kuma har yau da wuya a sami wanda ya fi shi ƙarko, domin ba shi da gawayi, ba shi da wani abin da ke gogewa sai boris. Amma in layi ɗaya aka ba shi, maganaɗisun ba ya juyawa, sai moton ya tsaya yana gurnani yana zafi har ya ƙone.

Da can dabarar da aka sani ita ce a ɗaura masa kafasita ta tsaya a madadin layi na uku. Moton yakan tashi, amma da kasala, kuma abin da yake bayarwa bai cika wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba. Yanzu akwai na'urar sarrafa gudu, wadda ake sayarwa da sunan VFD. Wasu 'yan kasuwa kan ce mata inbata, to amma kada a ɗauke ta ɗaya da inbatar da ake haɗawa da batir da faifan hasken rana, domin aikinsu ya sha bamban. Ita wannan takan karɓi wutar layi ɗaya, ta miƙar da ita ta tara cikin manyan kafasitoci, sa'an nan ta yayyanka ta sau dubbai a daƙiƙa ta fitar da layi uku. Ƙari a kan haka, mai inji shi ke zaɓen sau nawa wutar za ta kai ta komo, da haka yake iko da gudun moto. Moton da ke juyi wajen 1,400 a minti a kan 50 Hz, in aka mayar da shi 25 Hz sai ya koma wajen 700.

To, ga inda mafi yawan asara take aukuwa. Galibi na'urar da ta karɓi bolt 230 ba ta iya fitar da abin da ya fi bolt 230. Layi uku take bayarwa, amma ba na bolt 400 ba. Saboda haka kafin a kashe ko kwabo, lalle ne a goge farantin bayanin da ke maƙale a jikin moto a karanta shi da kyau. In an ga an rubuta 230/400, ko 220/380 a tsofaffi, to an dace. Ma'anarsa ita ce kowane naɗin waya cikin ukun da ke cikin moton bolt 230 yake so. A masana'anta an yi masa haɗin da masu gyaran wuta ke kira sita, wanda ke rage bolt 400 har kowane naɗi ya sami rabonsa daidai. Yanzu tilas a mayar da shi haɗin dalta. In aka buɗe akwatin wayoyinsa za a ga kusoshi shida, uku sama uku ƙasa, da 'yan ƙarafan tagulla uku. A haɗin sita ƙarafan suna kwance ne sun haɗe kusoshi uku na jeri ɗaya. A haɗin dalta kuwa a tsaye suke, kowanne ya haɗa na sama da na ƙasansa. Aikin minti biyar ne. Amma wanda ya manta da shi, kowane naɗi bolt 133 kaɗai zai samu, ƙarfin murɗawar moton ya koma sulusi, tsinken huji ya dinga cijewa cikin ƙarfe, mai shi kuma ya ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba.

In kuwa 400/690 aka gani a farantin, wannan moto bai dace da ƙaramar na'ura mai bolt 230 ba. Akwai kuma waɗansu tsofaffin motoci na Ingila masu waya uku kaɗai a akwati, waɗanda aka binne mahaɗar sitarsu a ciki. Ƙwararren mai naɗin waya yana iya tono ta ya fito da wayoyi shida. Shi ne kuma ya kamata ya auna lafiyar rufin wayoyin tsohon moto kafin a haɗa, domin wutar da na'urar ke fitarwa tana da kaifi, rufin da ya tsufa ba ya jure mata. A yi awon nan moto na ware, ba a haɗe da na'urar ba.

Wajen zaɓen girman na'ura, a dubi amfiya, kada a tsaya ga ƙarfin doki kaɗai. Moto mai kilowat 0.75, watau kimanin doki ɗaya, yakan ja wajen amfiya 2 a haɗin sita, amma kusan uku da rabi a haɗin dalta, kuma wannan adadi na biyu shi ne na'urar za ta ɗauka, shi ne kuma za a shigar cikin saitinta domin ta kashe kanta in moton ya yi nauyi. Galibin na'urorin da ke cin layi ɗaya kan tsaya ne a kilowat 2.2, wanda ya ishi kusan kowane injin huji na rumfa.

Sa'an nan sai maganar makunni. Kada a bar wani makunni tsakanin na'ura da moto, domin yanke wuta a nan alhali moto na gudu yana iya kashe na'urar nan take. Wayoyi uku su tafi kai tsaye. Tsohon makunnin da ke gaban inji ba a yar da shi ba, sai a mayar da shi kan ƙananan kusoshin umarni na na'urar, ya zamana yana kusa da hannun mai aiki. A cire duk wata kafasitar da aka ɗaura wa moton a da. A kuma saita na'urar yadda in an ɗauke wuta aka maido, injin ba zai tashi da kansa ba. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, yaron shago na iya kasancewa yana canza tsinke a daidai lokacin da ta dawo. In an ga moton yana juyi baibai, a kashe a sauya waya biyu cikin ukun da ke zuwa gare shi.

Wani kuskuren shi ne a ɗauka tun da an sami maɓallin rage gudu, an rabu da sauya bel ke nan. Haƙiƙa ba haka ba ne. Ƙarfe mai taushi yana son tsinke mai kaurin milimita 6 ya yi juyi wajen 1,300 a minti, mai 12 wajen 650, mai 25 kuwa 300 da 'yan kai. Babban tsinke gudu kaɗan yake so, da ƙarfin murɗawa mai yawa. Idan bel ne ya rage gudun, to ya ƙara ƙarfin murɗawa gwargwadon abin da ya rage. Na'ura kuwa gudun kaɗai take ragewa, ba ta ƙara kome. Moto mai doki ɗaya a rabin gudunsa aikin rabin doki yake yi. Ga shi kuma fankar da ke sanyaya moton a jikin sandarsa take, in ya yi sanyin gudu ita ma ta yi, sai zafi ya taru. Abin da ya fi shi ne a sa bel a matakin da ya dace da manyan tsinkaye, a riƙa wasa da na'ura tsakanin 25 da 60 Hz, kada a daɗe ana aiki mai nauyi ƙasa da haka.

Mai aiki da janareto zai ga wata fa'ida. Moto in an kunna shi kai tsaye yakan fizgi wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba ja, shi ya sa janareto ke durƙushewa. Na'urar kuwa a hankali take tayar da shi cikin daƙiƙa biyu ko uku. Sai dai ba ta son wuta mai hawa da sauka, don haka bai kyautu a haɗa ta a janareto ɗaya da injin walda suna aiki tare ba.

Rumfar maƙeri wuri ne na garin ƙarfe, ga ƙurar hunturu, ga feshin damina, wadda a kudancin Kaduna ba ta wasa. Garin ƙarfe in ya shiga cikin na'urar yakan haɗa wuta. A sa ta cikin akwati a jikin bango, sama da teburin inji, a bar mata sarari sama da ƙasa domin iska, kuma kada rana ta doke ta, domin yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba. Tilas a ja wayar ƙasa ta haɗa na'ura da moto da gangar jikin inji, har zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa. Kafasitocin cikinta kuma suna riƙe da wuta ta fiye da bolt 300 bayan an kashe, wadda ta isa ta kashe mutum. Duk wanda zai taɓa kusoshinta, sai ya zare ta daga wuta, ya jira minti goma, sa'an nan ya auna da mita kafin ya sa hannu.