Tsiron da Ke Cin Ƙwari: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

Da sakatare ya ce in yi magana a kan abin da nake yi bayan tashi daga ofis, sai da na yi jim, domin na san wasu za su ce har yanzu wane bai bar shirme ba. To, malaminmu na Bayoloji ne ya jawo, ga shi can zaune. Muna aji uku ya zana mana wani tsiro a allo, ya ce ƙwari yake ci. Da dare a ɗakin kwana muka yi ta dariya, muna cewa yau Malam ya shara ta.

Allah gafarta Malam, na zo neman afuwa. Da aka tura ni kwas Malesiya na gan shi da idona. Sunansa Nepenthes. A ƙarshen ganyensa akwai ɗan tulu mai murfi, bakinsa da zaƙi da santsi. Ƙwaro ya zo lasa, ya zame ciki, ruwan da ke tulun ya narkar da shi. Dalili kuwa, ƙasar da yake fitowa ba ta da albarka, sai ya nemi abin da saiwa ta rasa a jikin ƙwari. Babbansu, Nepenthes rajah na Dutsen Kinabalu a tsibirin Borneo, tulunsa kan ɗauki ruwa lita 3 da rabi, har ɓera an taɓa samu a ciki. Shi an hana cinikin wanda aka ciro daga daji.

Na sayo ƙanana uku a gidan renon tsirrai, da takardun izininsu. Na farko ni na kashe shi da hannuna. Ɗan manomi ne ni, na ga tsiro ya rame, na zuba masa takin awaki, ina ba shi ruwan burtsatse safe da yamma. Cikin wata guda saiwar ta ƙone. Ashe ba ya son taki, ba ya son ruwa mai gishiri-gishiri, sai ruwan sama.

Na biyu ɗan kan dutse ne, wanda ya saba da sanyin dare. Zafin watan Afrilu a Kaduna ya tafi da shi. Da na kai shi Jos wurin ƙanena, wataƙila da yana nan. Na kuma so in gwada wani mai cin ƙwari na Amurka, Sarracenia, sai na ji shi dole ya yi barcin kusan wata uku cikin sanyi kowace shekara, har masu renonsa a ƙasashe masu zafi firji suke sa shi. Na tuna yadda ake ɗauke mana wuta, na kuma tuna uwargida da firjinta, na haƙura.

Na uku ɗan kwari ne, zafi bai dame shi ba. Maƙiyinsa hunturu. Iska ta bushe, tuluna su ƙeƙashe ɗaya bayan ɗaya. Yanzu yana cikin ɓawon kwakwa da gawayi, a inuwar baranda. Da damina nakan tara masa ruwan sama a jarkoki, in sanyi ya shigo in rufe shi da farar leda, in ajiye kwanon ruwa a gefensa.

Bana ya fitar da tuluna huɗu, jiya na leƙa ɗaya na ga tururuwa cike. Malam, in an tashi taro mota tana waje, gidan ba nisa.