Sauka daga kujera lafiya, da adawar da ba gaba ba

Gaisuwa ga makiyaya a ruga, da fatake a bakin iyaka, da 'yan uwanmu na New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala. Yau za mu duba yadda masu ra'ayin mazan jiya suke kallon miƙa mulki da kuma adawa.

A wurin dattawan nan, mulki aro ne. Kujera ta riga mai ita zuwa, kuma zai tafi ya bar ta. Saboda haka suka fi damuwa da tsarin da ake bi a sauka da a hau, fiye da sunan wanda ya hau.

To, mu a Kamaru mun taɓa gani. Ran 4 ga Nuwamba 1982, Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, wanda ke mulki tun 1960, ya ba da sanarwar murabus. Bayan kwana biyu aka rantsar da firaministansa, Paul Biya, kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Amma Ahijo ya riƙe shugabancin jam'iyyar UNC, ita kaɗai ce jam'iyya a lokacin, sai aka wayi gari da shugabanni biyu a gida ɗaya. A 1983 suka ɓata, Ahijo ya bar ƙasar. Aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya aka sassauta. Ran 6 ga Afrilu 1984 wasu sojojin tsaron fadar shugaban ƙasa suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, abin bai yi nasara ba, 'yan arewa da yawa suka shiga hannu. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, can aka binne shi.

Kun ga ke nan, ranar rantsuwa kaɗai ba ta isa ba. Mai sauka ya saki ragama gaba ɗaya, mai hawa kuma ya bar masa mutuncinsa. In ɗaya ya gaza, talaka ne ke biya. Ku tuna da Najeriya a 2015, da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama faɗin sakamako ba. Kasuwanni suka ci gaba da ci.

Sai batun adawa. A Ingila ana kiran babbar jam'iyyar da ta faɗi zaɓe "adawa mai biyayya", har albashi ake biyan jagoranta daga baitulmali. Biyayyar ga ƙasa ce da dokarta. Aikinsa ya ƙalubalanci gwamnati a majalisa, ba a kama shi ba, shi kuma bai kira a ƙone gari ba. Mu ma mun san wannan: waziri ko malami na faɗa wa sarki gaskiya a fada ba tare da ya zama ɗan tawaye ba.

Amma fa nauyin a kan kowa yake. Ba a neman biyayya daga wanda aka toshe wa ƙofar kotu da akwatin zaɓe. Mutanen Duwala sun san abin da ke biyo baya. A 1991, lokacin zaman gida na dole, an yi watanni shaguna na rufe. A Fabrairu 2008 ma an rasa rayuka. Mai shanun da ya yi lodi daga Ngaundere, in ya tarar da gari a rufe, kullum dabba na ramewa, kuɗin ciyawa na ƙaruwa. Fataken Maradi da Katsina ma sun ɗanɗana haka da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023.

Don haka, ɗan uwa, in ɗan takara ya zo neman ƙuri'arka, tambaye shi abu biyu: in ka faɗi, me za ka yi? In ka ci, yaya za ka yi da wanda ya faɗi?

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.