Rabi da Sulusi Nawa Ke Nan?

(Jawabin da kwamitin malaman lissafi ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshe)



A zangon karatu da ya wuce, mun rubuta wa 'yan aji biyar tambaya guda a allo: 1/2 + 1/3. Amsar da muka fi cin karo da ita a takardunsu ita ce 2/5. Mun san babu malamin lissafi a wannan ɗaki da bai taɓa zarga wa wannan amsa jan biro ba. Abin da muke so mu tattauna shi ne inda yaro ya samo ta.

Yaron nan ƙa'idarmu ya bi. Shekara huɗu muna koya masa cewa in ya ga lambobi da alamar tarawa a tsakaninsu, ya tara. Sai ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Amma a ajiye allo a tambaye shi: an auna maka rabin mudun gero, aka ƙara maka sulusin mudu, abin da ke kwanonka ya fi rabi ko bai kai ba? Nan take zai ce ya fi. Ita kuwa 2/5 ba ta kai rabi ba. Ashe hankalinsa ya san gaskiya, alƙalaminsa ne ya ɓata.

Mu ma da hannunmu a ciki, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Yaro ya ci 6/10 a gwajin farko, ya ci 7/10 a na biyu, sai mu rubuta masa 13/20 a katin sakamako. A gabansa muka tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. A lissafin maki hakan daidai ne, domin tambayoyi goma aka haɗa da wasu goma. Amma wa ya taɓa tsayawa ya bayyana masa cewa wannan wani abu ne daban?

Abin da ya kamata ya fara zama a zuciyar yaro shi ne: lambar ƙasa suna ce, lambar sama ce ƙidaya. Awaki biyu da awaki uku, awaki biyar ne. Sunan bai canza ba. Haka 2/7 da 3/7 suke zama 5/7. Rabi da sulusi kuwa sunansu ya bambanta, girmansu ya bambanta, ba su ƙidayuwa tare sai an mayar da su suna ɗaya.

Iyayenmu sun iya wannan ba tare da alli ba. Kafin naira ta zo a 1973, sule kwabo goma sha biyu ne. Sisi rabinsa ne, taro rubu'insa. Mai ƙosai da ba ta taɓa shiga aji ba ta san sisi da taro nai ne, wato kwabo tara. Me ta yi? Ta mayar da rabi da rubu'i zuwa kwabo, sannan ta ƙidaya: shida da uku. Abin da littafi ke cika shafi biyu yana bayani ke nan.

Malaman zaure sun fi haka zurfafawa. Kason gado da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Kafin malami ya raba komai, sai ya nemo abin da suke kira asalin mas'ala, wato lambar da duk kason zai fita daga cikinta ba tare da karaya ba. A ce mutum ya rasu ya bar mata, uwa da ɗa namiji. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Asalin mas'ala 24 ne: mata ta ɗauki 3, uwa 4, ɗa ya ɗauki sauran 17. In abin da aka bari naira 240,000 ne, na mata 30,000, na uwa 40,000. Da yawa daga cikin yaran da ke zaune a gabanmu yau, wata rana za su zauna a wurin rabon irin wannan, kuma haƙƙin wata mai takaba zai rataya a kan ko sun gane abin da ake yi.

To, a aji fa? Mun gwada marafan kwalba. Kowane benci ya tara goma sha biyu. A ce su ware rabi, su ga shida. A mayar, a ware sulusi, su ga huɗu. Shida da huɗu goma, cikin goma sha biyu. Sai bayan sun yi haka kwana biyu ko uku, da rubu'i da sudusi su ma, muke rubuta 6/12 + 4/12 = 10/12, daga nan a rage ta zuwa 5/6. Inda babu marafa, tsakuwa ta wadatar, ajin mutum tamanin ma yana iya yi.

Muna da roƙo ga masu duba takardu. In an ba yaro 1/4 + 1/6, ya ninka huɗu da shida ya samu 24, ya rubuta 10/24, kada a kashe masa. Ya gane aikin. Ragewa zuwa 5/12 darasin gobe ne. Mun sha ganin an ba irin wannan yaro sifili daidai da wanda ya rubuta 2/10, alhali tsakaninsu akwai tafiya mai nisa.

Muna kuma roƙon shugabannin makarantu su bar wa wannan darasi mako biyu, ko da jadawali mako ɗaya ya ba shi. Sannan akwai 'yan'uwanmu da aka ɗora wa ajin lissafi alhali wani fanni suka karanta, kuma kunya kan hana su tambaya. Kwamiti zai zauna da duk mai so bayan an tashi daga wannan taro. Marafa na wurinmu, mun zo da buhu guda.