Ƙarin Ƙwaƙwalwa da Alamomin Makomarsa



Duk wanda ya san Dawanau ya san ta da kasuwar hatsi da kuma asibitin masu taɓin hankali, kuma a kan hanyar asibitin nan akan ga magidanci wanda ɗabi'arsa ta sauya, yana kwana da ciwon kai, yana wayar gari da amai, har farfaɗiya ta kama shi da girmansa, 'yan'uwa sun gaji da turare da hayaƙi bisa zaton iska ce, alhali wani lokaci ƙari ne ke tsiro cikin ƙwaƙwalwa.

Mafi tsananinsa shi ne giliyobilastoma, wanda binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa ko an haɗa tiyata da gashi da maganin temozolomide, kusan rabin majinyata ba sa wuce wata 15. Amma kamar yadda dillali kan soka buhu ya ɗebo tsaba ya san darajar hatsi, haka likitoci kan yanko ɗan ƙarin su karanta alamominsa. Idan alamar da ake kira EGFR, mai isar da umarnin hayayyafa, ta yawaita, cutar mai tsanani ce. Idan kuwa wata alamar, MGMT, a toshe take, magani ya fi kama cutar. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware ƙari mai sauyin alamar IDH daban, domin masu shi sun fi daɗewa.

Ajali dai ilminsa na wurin Allah, amma neman magani sunna ne. Babban mutum da farfaɗiya ta fara kamawa, a gaggauta kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a ɗauki hoton kansa.