Jawabi Kan Hanyar Mota Da Ramukan Kwal

'Yan'uwa, hanya dukiyar talakawa ce. In aka haƙe kwal ƙarƙashinta, rufin rami ya kan rushe, ƙasa ta lotsa, kwalta ta tsage, duwatsun gefe su gangaro.

A Santiraliya ta Amurka, wuta ta kama tsofaffin ramukan kwal a 1962. Babbar hanya mai lamba 61 ta dare, tilas aka bar ta.

Namu na Anu Araren a fili ake haƙarsa, amma akwai wani kwance a Salkadamna, jahar Tawa. Kafin a sa diga mu nemi abu uku: a bar ginshiƙan kwal ƙarƙashin hanya, a adana taswirar kowane rami, kamfanin da ya ɓata shi zai gyara.

Ku kai maganar nan kowace kasuwa!