Daji, Gona da Garke: Darasin Ilimin Muhalli Daga Dajin Rugu



An nemi in yi bayani a kan tushen ilimin muhalli, wato yadda halittu ke cuɗanya da junansu da kuma ƙasa da ruwa da iskar da suke rayuwa a ciki. Yawancin littattafan da muke karantar da yaranmu da su, da tafkunan Turai ko kurmin Amazon suke buga misali. Yaro ya haddace ya ci jarrabawa, ya koma gida bai san cewa abin da aka karanta masa yana nan a bayan gidansu ba. Don haka na zaɓi in tsaya a Batsari da Safana, ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, inda Dajin Rugu ya miƙe har ya tsallaka Zamfara. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, a wannan yanki daji da gona da garken shanu tsari ɗaya ne, kowanne yana ci daga ɗan uwansa. Duk aikin gyaran da ya ɗauki ɗaya ya bar biyu, wahalar banza ce.

Fannin nan bai daɗe ba idan aka kwatanta shi da sauran fannonin kimiyya. Bajamushe Ernst Haeckel ne ya raɗa masa suna a 1866. A 1935 Arthur Tansley na Ingila ya kawo tunanin da muke aiki da shi har yau: a ɗauki wuri guda, masu rai da marasa rai duka, a nazarce shi a dunƙule. Marasa rai a wurinmu su ne ruwan sama da ke zama sosai daga Yuni zuwa Satumba, da rani mai wata bakwai zuwa takwas, da iskar hunturu, da jigawa da fadama, da duwatsun da suka yi wa yankin ado. Su ke yanke hukuncin abin da zai tsiro. Shi ya sa dajinmu na marke da kanya da ƙirya da taura ne, ba na itatuwan kurmi ba.

Abinci yana farawa daga rana. Ganye ne ke kama haskenta ya haɗa shi da ruwa da iska ya mai da shi abinci. Kowa kuma a bayansa yake, daga fara zuwa saniya zuwa mutum. Raymond Lindeman ya nuna a 1942 cewa a kowane mataki na wannan sarƙa, kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin abincin ne ke wucewa gaba, sauran ya tafi a numfashi da motsi da zafin jiki. Wannan lissafi shi ke bayyana dalilin da ya sa idan daji ya fara lalacewa, manyan masu cin nama ke fara ɓacewa. Kafin kura ɗaya ta ƙoshi sai an sami gada da barewa da yawa, kafin a same su kuwa sai ciyawa mai yawan gaske. Labarin namun dajin da dattawanmu ke bayarwa, ashe labarin ciyawa ne.

Yadda ƙasa ke karɓar abin da ta bayar

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne zuciyar maganar. Ƙarfin rana shiga yake yi ya wuce, amma sinadaran ƙasa zagayawa suke yi. Dubi abin da aka saba gani bayan girbi. Manomi ya yanke gero ya ɗaure dammuna, ya bar kara a gona. Bafulatani ya fito daga daji da garkensa, su yi magana, shanu su sauka a gonar. Da rana su ci kara da tattaka, su leƙa bakin daji su ci ganye. Da dare su kwana a gonar, ana matsar da turakun daga wannan gefe zuwa wancan. Mai gona ya ba da damin hatsi, matan ruga su kawo nono. Abin da ya faru a kimiyyance shi ne, saniya ta kwaso sinadaran daji a cikinta ta zuba su a gona. Daga nan ƙananan ma'aikata su karɓa. Buzuzu ya dunƙule kashin ya gangara da shi cikin rami. Gara ta lulluɓe karan da ya rage da laka, ta cinye shi, ta bar ƙananan hanyoyi a ƙasa waɗanda ruwan farko zai bi ya nutse maimakon ya gudu. Manomi yana tsine wa gara saboda rumbunsa, kuma yana da gaskiya, amma gonar da babu gara a cikinta ruwa ba ya shigarta da kyau.

Sai gawo, itacen da ya saɓa wa kowa. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke cika da ganye, shi zubar da nasa yake yi, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Da rani ya yi kore, ya zuba 'ya'ya, dabbobi su taru a gindinsa su ci su yi kashi. A saiwarsa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke kama sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne dai muke saye a buhun yuriya. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar gero a watan Agusta ya ga shaida: shukar da ke gindin gawo ta fi duhu, ta fi kauri, ta fi tsawo, kuma da'irar tana nan a fili gwargwadon faɗin rassansa.

Akwai ma'aikatan da ba ma ganinsu don da dare suke aiki. Jemage ne ke yi wa furen ɗorawa da na kuka barbara. In ya yi ƙaranci, kalwa ta ragu, daddawa ta yi tsada a kasuwa, mai miya kuma ba za ta taɓa kawo jemage a ranta ba. Ungulu ma ba ma lura da aikinta. Ita ke share mushe kafin ya zama cuta, amma a 2015 aka sanya irin ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu sayen sassanta. Ku tambayi kanku yaushe rabonku da ganin ungulu a kan kukar gari.

Iyakar abin da daji ke iya ɗauka

Kowane wuri yana da iyakar bakunan da zai iya ciyarwa. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar kimanin kilo shida na busasshen abinci a kullum, kuma da ciyawar watan Afrilu ake auna daji, ba da ta watan Agusta ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta san da haka lokacin da ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Gandun Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren farko da aka gwada wannan tsari, da taimakon Amurka, aka yi madatsun ruwa da wuraren kula da dabbobi, garin Runka ya zama cibiya. Bayan haka aka sha farin 1972 zuwa 1974, aka sake shan na 1984. Jama'a kuma ta ƙaru: ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 3.75, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8. Gonaki suka ci burtali, suka ci mashaya, suka shiga gandu.

Ƙasa tana faɗin halin da take ciki ta bakin tsirrai. Inda kiwo bai yi yawa ba, gamba ce ke mulki, ciyawa mai zurfin saiwa da ke shekara da shekaru. In aka matsa mata, ta ba kyasuwa wuri, wadda shekara ɗaya take yi ta mutu. In aka ƙara matsawa, sai ƙarangiya da tafasa da tumfafiya. Daga nan sai faƙo, inda ruwa ke gudu a sama ya tafi da ƙasar, ya yanka kwazazzabo, ya kai yashin cikin rafi. A gona kuma, ƙuduji ne ke sanar da cewa ƙasa ta gaji. Ɗalibin da ya iya karanta wannan jeri ya fi wanda ya haddace ma'anoni ashirin.

Ba zan iya magana a kan Rugu in tsallake rashin tsaro ba, kuma zan faɗi ra'ayina kai tsaye. Ban yarda da masu cewa ƙarancin ciyawa ne ya haifi ɗan bindiga ba. Akwai zalunci, da rashin hukunci, da cinikin makamai, da sakacin hukuma.  Abin da ilimin muhalli zai iya nunawa shi ne ɓarnar da rikicin ya yi wa tsarin da na bayyana. Amanar da ke sa garke ya kwana a gonar manomi ta karye a wurare da yawa, taki ya daina zuwa da ƙafarsa, talaka ya koma neman buhun da ya fi ƙarfin aljihunsa. Mutanen ƙauyuka sun taru a manyan garuruwa, sai itatuwan da ke kewayen garin suka ɗauki nauyin girkin kowa. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Batsari da Safana. Don tsaro aka yi dokar, amma ta tuna mana cewa murhun birnin Katsina ma da Rugu yake ci. Masu cewa ai yanzu dajin ya huta tunda mutane sun gudu, ina roƙonsu su yi hattara. Dajin da babu malamin daji, babu ardo, babu dagaci mai faɗa a ji, ba hutu yake yi ba. Wanda ya fi ƙarfi ne kawai ke cinsa.

Abin da maƙwabta suka gano

Mun yi shuka, ba a ce ba mu yi ba. An yi aikin dashen itatuwa na Katsina da tallafin Tarayyar Turai tun ƙarshen shekarun 1980. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Katsina na cikin jihohi goma sha ɗaya da ya shafa, ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya. Matsalata da yawancin bukukuwan dashe ita ce, ranar dashen ake ƙirga itace, ba a komawa a watan Afrilu bayan akuya da rana sun gama nasu.

Tsallaken Jibiya, a ƙasar Maradi, an bi wata hanya. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kalgo da sabara da ake sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, kututtura ne na itatuwa masu rayayyar saiwa a ƙasa. Maimakon a sare tohon duka a ƙone, sai a zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, a rage musu rassan ƙasa, a sare sauran. Saiwar ta riga ta kai ga danshi, don haka babu ban ruwa, babu leda, babu gandun reno. Manoman can suka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Dabarar sara ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara ba in ya datse reshe, sannan ya yarda ya bar shi.

Ƙasar Batsari da Safana ta fi ta Maradi samun ruwa, kuma kututturan suna nan a gonakin gero da na rogo. Amfanin wannan hanya a halin da muke ciki shi ne, ba ta bukatar kowa ya shiga tsakiyar Rugu. A gonar bakin gari za a fara. Ina ba da shawarar malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su haɗa kai da makarantun sakandaren ƙananan hukumomin biyu, kowace makaranta ta ware fili kaɗan, ɗalibai su rubuta sunan kowane tsiro da Hausa, su ƙirga kututtura, su sake ƙirgawa a ƙarshen rani, shekara bayan shekara. Da haka za mu sami alƙaluman da namu ne. Amma kafin a fara, iyayenmu hakimai da sashen gandun daji na jiha su zauna su fitar da magana ɗaya a rubuce, a karanta ta a masallatai da kasuwanni, kan wanda ya mallaki itacen da ya tsiro a gonar mutum, da wanda ya tsiro a gonar aro, da wanda ya tsiro a bakin burtali.