Jawabi ga matan Katako: jikin mace bayan aikin rage ƙiba



Kitsen jiki ba kaya ba ne kawai. Yana samar da istirojin, sinadarin da ke daidaita haila. Idan ƙiba ta yi yawa, sinadarin da insulin sukan rikice, al'ada ta ɓace, haihuwa ta yi wuya.

In aka yi wa mace aikin rage tumbi, nauyi yakan zube da sauri. Al'ada ta dawo, ciki kuma yana iya shiga ba shiri, alhali jiki bai ƙoshi da abincin da ɗan tayi ke buƙata ba. Shi ya sa likitoci ke cewa a dakata wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki.

Bayan wasu ire-iren aikin, hanji ba ya tsotse ƙwayar tazarar haihuwa sosai; ku tambayi ungozoma wata hanyar. Kada ku bar maganin ƙarin jini, folik asid da bitamin B12. Ku riƙi hanta, ƙwai, wake da zogale.

In kun ga jiri ko zubewar gashi, ku je gidan likita. Allah ya ba mu lafiya.